Ranar da Iya Ta Kasa Cewa Ɗanta Ne

Na daɗe ina jinkirta wannan babi. Na rubuta muku labarin makaranta, na rubuta na aurena da mahaifinku, Allah Ya jiƙansa, amma duk sanda na zo kan nawa uban sai in rufe littafin in ce gobe. Abin da ya zaunar da ni yau shi ne na ji har yanzu akwai masu gaya wa jikokina wai asalinmu ɓarayin doki ne, wasu da wasa, wasu ba da wasa ba. To ga yadda abin yake, kamar yadda na bi sawunsa da ƙafata ina ɗauke da cikin babbanku, shekara biyu bayan an sauke tutar Turawa.

Sunan mahaifina Haruna. Na rubuta shi ƙarara domin ban taso ina jin sa ba. A Saulawa na girma, a ɗakin kakata wadda ta haife shi, da muke kira Iya. Mahaifiyata ta yi wani auren can nesa tun ina ƙarama, ba ta kuma yi tsawon rai ba. Abin da aka gaya mini kawai shi ne ubana ya tafi cin rani bai dawo ba. Shi ne ɗan farin Iya, kuma ku na yanzu sai an yi muku bayanin abin da wannan ke nufi a da. Uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta yi masa wasa, ba ta nuna ta san yana wurin. In baƙo ya tambaya ɗan wa ne wannan, sai ta kau da kai wata ta amsa. Da aka yaye shi sai aka kai shi Kudan wurin ƙanwar ubansa ta riƙe shi, shi ya sa kowa ke ce masa Ɗan Goggo. Iya ko wannan laƙabin sai ya zama dole take faɗa. Ban ga abin mamaki a ciki ba, duk gidajen unguwarmu haka ake yi. Abu ɗaya dai na lura da shi: duk shekarar da maza suka zo sabunta mata baibayar ɗaki, takan ɗauki mazarinta ta tafi maƙwabta, ba ta dawowa sai sun gama. Na ɗauka ƙaiƙayin ciyawa ne ba ta so.

Rashin uban ne ma ya kai ni boko, don da aka zo ɗibar 'yan mata kowane magidanci ya san inda ya ɓoye tasa, ni kuwa ba mai ɓoye ni. Wannan na riga na ba ku labarinsa. Da na gama aka ɗaura mini aure da mahaifinku, yana malamin gona a Makarfi, na tare can.

Ban cika shekara ba aka yi suna a babban gidansu. Wani baƙo ya zo a kan doki, aka ɗaure shi a ƙofar gida. Na shigo tsakar gida ɗauke da kwanon fura, mata sun cika, sai wata taubashiyar mahaifinku mai suna Asabe, wadda ba ta ganina ba ta tsokane ni ba, ta ɗaga murya.

"Jama'a, a ƙara wa dokin can igiya, 'yar Ɗan Goggo ta iso."

Mutum biyu ko uku suka yi dariya, sai dariyar ta mutu a bakinsu. Wata tsohuwa ta maka mata mafici a baya tana cewa Allah Ya shirye ta. Asabe ta dubi fuskata, ta ga ban gane ba. Ta matso ta karɓi kwanon daga hannuna.

"Wallahi amarya na zaci kin sani. Ai kowa ya sani."

Gaskiya ta faɗa, kowa ya sani sai ni. Bayan la'asar da muka koma gida na tambayi Malam, wato mahaifinku, bai ɓoye mini ba. Ya ce an ɗaure mahaifina kan satar doki ina goye, ya yi zamansa a gidan yari a birni, da aka sake shi kuma ba wanda ya san inda ya nufa. Ya ce danginsa sun kawo maganar tun kafin aurenmu, ya ce musu shi ba dokin zai aura ba. Ya zaci kunya ce za ta kama ni, har ya fara ba ni haƙuri. Ni kuwa wani abu dabam ne ya tsaya mini a ƙirji. Wanda ya tafi cin rani ya shekara kusan ashirin shiru, kowa ya san ƙasa ta rufe shi, kuma haka na riƙe tun ina yarinya, ina yi masa addu'ar mamata. Amma wanda nauyin ido ya hana shi dawowa, wannan yana iya kasancewa yana nan, yana cin tuwo, yana zuwa masallaci. Tun daga ranar na daina ganin dattijo a hanya ban ƙare masa kallo ba. Ina leƙen masu wucewa ta kafar zana ina cewa ko wancan ne, ko mai hular can ne. Abin da nake so bai wuce in gan shi ba, in durƙusa in gaishe shi sau ɗaya, in kuma kai shi gaban Iya tun tana da sauran gani.

Malam ya ga na rame ga ciki, sai ya ɗauki abin a kansa. Duk ƙauyen da aikinsa ya kai shi a kan keke sai ya yi tambaya a hankali. Bayan kamar wata biyu ya dawo da labarin wani tsoho a Kudan, Malam Ɗahiru, wanda ya yi magatakardan alƙali a zamanin. Goggon da ta riƙe mahaifina ta daɗe da rasuwa, saboda haka ba mu da wata ƙofa sai tasa. Ranar kasuwa muka shiga mota muka tafi.

Mun same shi a soro na biyu a kan buzu, idanunsa sun yi fari fat. Matarsa ta shimfiɗa mini tabarma daga gefe. Muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi gajiya, ya tambayi mutanen Makarfi ɗaya bayan ɗaya, sannan Malam ya gaya masa ko ni 'yar wa ce. Tsohon ya gyara zama a kan buzunsa. Can ya ce littattafan shari'ar duk an kwashe su an kai birni, amma wannan ba ya bukatar littafi, da hannunsa ya rubuta ta.

Ya ce an sace dokin wani mai matsar rake, irin dokin da ke juya injin mazarƙwaila. Wani ya ce ya ga mai kama da mahaifina a kusa da wurin. Da aka kama shi ya ce shi kwana biyun nan yana Saulawa yana yi wa uwarsa baibaya. Alƙali yana da shakka, ya so ya jinkirta, sai aka yi rashin sa'a wani Bature mai rangadi ya sauka a garin yana duba shari'u, yana kuma sauri. Aka aika Saulawa a zo da shaidu. Mazan unguwa suka noƙe, don a lokacin ba mai kai kansa gaban Bature da ƙafarsa. Iya kaɗai ta zo, ta yini tana tafiya. Aka tsayar da ita gaban jama'a, maza cike da fili, ga mahaifina nan a tsugune da igiya a ƙugu. Baturen ya ce a fara tambayar ta, wannan ɗanta ne? Tafintansa ba ɗan ƙasar nan ba ne, Hausar bariki ya iya. Ya tambaye ta. Iya ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya gefe. Ya sake tambaya. A ƙasa-ƙasa ta ce, "Ɗan Goggo ne." Tafinta ya juya ya gaya wa Bature cewa matar ta ce ɗan wata mata ce dabam.

Malam Ɗahiru ya ce duk wanda ke filin nan, daga alƙali har ɗan doka, ya san abin da take nufi. Amma ba wanda ya buɗe baki ya gyara wa tafintan Bature magana. Aka ce a tambaye ta karo na uku. A nan ne mahaifina ya ɗago kai, shi da bai taɓa haɗa ido da ita ba tun da ya yi wayo.

"Yau ɗaya dai. Ki faɗa."

Malam Ɗahiru ya ce ya ga mayafinta yana rawa, ya ga bakinta yana motsi a ƙarƙashinsa, amma ba abin da ya fito. Bature ya ce wanda ya yi ƙarya kan uwarsa zai yi kan doki, a yanke masa hukunci. Aka yanke, shi kuma ya rubuta. Dokin kuwa sai bayan an sako mahaifina aka gan shi a wata kasuwa mai nisa a hannun wani, ba kuma wanda ya koma ya goge abin da aka rubuta.

"'Yata, kada ki riƙe tsohuwar nan a rai," in ji shi. "Ita ta zo. Mu da ke zaune da alƙalami a hannu, mu ne muka yi shiru. Ki yafe mini, in kuma kin same shi ki roƙa mini."

Na ce Allah Ya yafe mana baki ɗaya. A mota muna komawa ina ta tunanin Iya tana tafiyar yini guda ita kaɗai, da abin da take shiryawa a ranta za ta faɗa. Ba ta shirya wa wannan tambayar ba. Da an ce mata a ina ya kwana, wa ya yi miki baibaya, da ta amsa. Kuma kada ku yi saurin ganin wautarta. Ni da na yi boko, na karanta littattafan Turawa, har yau da furfurata ban taɓa kiran babbanku da sunansa ba, ko a takarda hannuna ba ya yarda.

Kafin mu tashi tsohon ya ba mu bakin zare. Ya ce ya taɓa jin wani ɗan kasuwa yana cewa ya ga Ɗan Goggo a wajen Nasarawan Doya, a wata matsar rake, ana ce masa Baƙo. Na so mu wuce a ranar. Malam ya ce a'a, sai ya fara zuwa shi kaɗai ya gani. Na ƙi. Wannan ne karo na farko da na yi masa musu a zamanmu. Na ce ba wanda zai riga ni ganin ubana. Kwana takwas na jira kafin ya sami sarari, na dinka riga 'yar shara da hannuna, ban san ko tsayinsa ba, na yi ta da faɗi don kada ta matse shi.

Ranar da muka je lokacin matsa ne, tun daga nesa ake jin ƙamshin ruwan rake yana tafasa. Ga doki yana zagaye, ga maza suna tura rake cikin inji, wasu suna zuba tuƙa a wuta, wasu suna jera ƙananan tasoshi da za a zuba mazarƙwailar ta daskare. Na tsaya bayan Malam ina kallon wanda ke bin dokin. Saurayi ne. Na duba sauran ɗaya bayan ɗaya, ba mai furfura a cikinsu. Aka kira mana mai wurin, Baba Tanimu, wani gajeren tsoho mai fara'a. Ya kai mu inuwar mangwaro, ya sa aka kawo mana rake, yana tsokanar Malam cewa malaman gona sun iya koya wa mutum abin da kakansa ya sani. Da Malam ya ambaci Baƙo sai fara'ar ta sauka. Ya dube ni da kyau, ya dubi goshina, ya ce ba sai an gaya masa ba.

Damina biyu ke nan da rasuwarsa. Ciwon ƙirji ne, bai yi doguwar jinya ba.

Na zauna da rigar a kan cinyata a naɗe cikin ɗankwali. Ban yi kuka a lokacin ba. Lissafi kawai zuciyata ke yi: sanda ya rasu ina makaranta ina koyon ɗinki da girkin Turawa, shi kuma yana nan, tsakaninsa da ɗakin Iya tafiyar da ba ta kai yini ba.

Baba Tanimu ya ce wata rana da hantsi mahaifina ya zo neman aiki, ya gaya masa daga gidan yari yake da kuma dalili, bai ɓoye ba. Shi kuma ya ce masa to ga doki nan, kama. Tun daga ranar shi ke kula da dokin, ya yi masa wanka, ya yanko masa ciyawa, in dabbar ba ta da lafiya shi ma ba ya cin abinci. Bai sake aure ba, ko da yake sun yi ta yi masa tayi. Ba ya faɗa, ba ya hira mai tsawo, sahun farko ba ya wuce shi. In mutanen wajen Ikara, wato wajenmu, suka zo sarin mazarƙwaila, yakan tsaya kusa yana gyara linzami yana sauraron hirarsu, amma bai taɓa tambayar su kowa ba. Sai dai ya ce yaya ruwa a wajenku bana. Na daure na tambaya ko ya taɓa maganar uwarsa, ko ta wata 'ya da ya bari. Tsohon ya so ya faranta mini, na ga haka a idonsa, amma mai tsoron Allah ne.

"Ban taɓa ji ba, 'yata. Shekarun nan duka, ko sau ɗaya."

Malam ya je aka nuna masa kabarin, ni na jira a gindin mangwaron. Rigar na bar wa Baba Tanimu ya ba wanda ya ga dama sadaka.

Da cikina ya tsufa aka mai da ni Saulawa goyon ciki, kamar yadda ake yi wa mai haihuwar fari. Malam kafin ya juya ya ja ni gefe ya ce tsohuwa ce, ƙafarta ɗaya a kabari, in gaya mata ya rasu yana ambatonta da alheri, ya ce ya yafe. Ya ce Allah ba zai kama ni da wannan ba. Na kwana uku ina juya maganar. Ina son Iya fiye da yadda zan iya rubutawa. Amma na kasa sa wa mamaci maganar da bai yi ba. An riga an taɓa juya magana a kansa sau ɗaya yana tsugune yana ji, ban ga yadda ni 'yarsa zan ƙara ba.

A rana ta huɗu da hantsi tana kaɗi a ƙofar ɗaki na zauna kusa da ita. Na ce Iya na je Kudan, na ga Malam Ɗahiru magatakarda. Mazarin ya tsaya. Na ce na kuma je Nasarawan Doya. Na gaya mata duka, dokin da aka gani daga baya, da aikin da ya yi, da sahun farko, da daminar da ya rasu. Ba ta dube ni ba. Ta yi salati, ta yi Inna lillahi sau uku, hawaye na bin kuncinta tana barin su. Ta tambaya ko an sami jama'a a jana'izar, na ce an samu. Ta tambaya wa ya yi masa wanka. Sannan ta daɗe tana murza audugar da ke hannunta.

"Ya yi maganar mutanen gida?"

Na san wa take nufi. Bakina ya yi nauyi, a lokacin na ɗan ɗanɗana abin da ta ji a filin nan.

"Bai yi ba, Iya. An ce ko sau ɗaya."

Na sunkuyar da kai ina jiran abin da na jawo. Sai na ji ta sauke numfashi mai tsawo, irin na wanda ya sauke tulu daga ka.

"Alhamdu lillahi," ta ce. "Da fushi yake da ni, da duk Nasarawan Doya sun san sunana. Kunyata yake ji."

Ta share fuska da bakin zane, ta ɗauki mazarinta. Ranar ta ci tuwo da yawa, har maƙwabta suka yi magana. Ta rayu ta ga babbanku, ta yi mini wankan jegonsa, ta rasu yana rarrafe, kuma ban sake ganin ta tashi daga gida don ana baibaya ba.

Ni ban san ko fassararta daidai ce ba. Na juya ta shekara da shekaru. Mutumin da ya ce yau ɗaya dai aka ƙi shi, zai iya yin shiru don kunya, zai iya yi don ciwon da ya fi ƙarfin baki, kuma ba wanda ya rage da zan tambaya. Abin da na sani shi ne bai yi nisa ba. Duniya na da faɗi, mutane na tafiya Kurmi, na tafiya gabas, shi ya tsaya inda iskar da ta taso daga garinmu za ta iske shi.

Ku dai ku sani kakanku bai saci dokin kowa ba. Ku sa shi a addu'a da sunansa, Haruna, ku da bakinku ba ya nauyi. Ni kuwa har yanzu in na idar da salla ina roƙon Allah Ya nuna mini fuskarsa ko a mafarki, don ban san da wace kama zan neme shi ba ranar da za a taru. In zuciya ta dame ni da cewa shekarun nan duka bai tambayi kowa ni ba, sai in ari maganar Iya in riƙe. Ni ma ai 'yar farinsa ce.